Kunnen Matafiyi Amana Ne

Duk ɗan kasuwar Damagaram da ya saba barin gidansa a unguwar Kara-Kara, ya ratsa kusan kilomita 900 zuwa Yamai, sannan ya hau jirgi daga filin Diori Hamani zuwa Jidda domin Umra ko fatauci, ya san cewa rugugin injin, wanda ba ya yankewa har a sauka, yakan bar mutum da nauyin kai da kasala.

A ganina, na'urar kunne mai kashe ƙara ta zama lalura ga irin wannan bawan Allah, domin ji amana ce. Hikimarta, wadda wani mai suna Amar Bose ya fara nazarinta cikin jirgi a 1978, ita ce ta saurari rugugin, ta fitar da kishiyarsa, su kashe juna. Amma kukan jariri da hirar maƙwabci sukan ratso, kada mai saye ya ruɗu.

A zaɓi mai rufe kunne ruf, marar nauyi, wadda batirinta zai kai Jidda ya yi saura, a kuma gwada ta da hula ko rawani a kai tun a kanti, domin wadda ta matse kunne, kafin a wuce sararin Chadi an cire ta.