Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Amsa Ga Masu Kirana Sarkin Bola

Malam Edita, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in mai da martani ga waɗansu 'yan'uwana ɗalibai, waɗanda tun da muka dawo daga hutu suka naɗa mini sarautar da ban nema ba. Wai ni ne Sarkin Bola. Laifina kuwa shi ne na ƙarar da hutuna wajen gyaran wata tsohuwar kwamfuta wadda ta girme ni da kusan shekara 20. Da dariyar ta tsaya a kaina kaɗai, da na bar kaza cikin gashinta. Amma da na saurara da kyau sai na ji harshen Hausa ake yi wa dariya, har da bakin waɗansu masu nazarinsa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga yadda abin ya faru. Ni mutumin Maiyama ne. Kawuna, Allah ya ji ƙansa, malamin makaranta ne, ya kuma je kwas Ingila a 1984, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, domin sai a 1991 aka yanke Jihar Kebbi. Abokan tafiyarsa suka komo da rediyo da kwat, shi kuwa ya komo da kwamfuta ƙirar BBC Micro, da firinta ta Epson, da akwatin karanta faifai. Bayan rasuwarsa aka tura kayan cikin ɗakin ajiya tare da tsofaffin buhuna. Bana da za a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, sai na ga faya-fayai 14 a cikin wata jakar fata, kowane da rubutun hannunsa a goshi: "Masu ɗori, Aliero", "Albasa", "Kasuwar Jega". Nan take jikina ya yi sanyi. Ashe shekara da shekaru yana bin dattawa yana tattara kalmomin sana'o'insu, bai kuwa bar su a takarda ba. Duk suna cikin waɗannan faya-fayai, waɗanda babu wata na'urar zamani a garinmu da za ta iya karanta su.

To, jama'a, ina hanyar fitar da su? Kwamfutar nan ba ta san intanet ba, ba ta da ramin filashi. Ƙofofin da za su fisshe ni biyu ne. Ta farko ita ce ƙofar firinta, wadda na raɗa wa suna ƙofar sahu, domin kowane harafi alamomi 8 ne na "akwai wuta" ko "babu wuta", kuma a wannan ƙofa duk takwas ɗin suna fita tare, kowace a kan wayarta, kamar sahun masallata. Ta biyu ita ce RS-423, wadda na kira ƙofar jerin gwano, domin a nan alamomin suna bin waya ɗaya ne, wata bayan wata. Ta farko za ta ba ni takarda, ta biyu za ta zuba rubutun cikin kwamfutar zamani. Duka biyun kuwa tsufa da ƙura da ɓeraye sun kashe su.

Na ɗauki kayan na shiga mota zuwa Jega, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a gefen kasuwa. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce, "Yaro, mi kaka so da wanga tsohon ƙarhe?" Na ce, "Baba, maganar kawuna ce a ciki." Bai ƙara tambaya ba, ya share mini benci. Bai taɓa ganin irinta ba, amma ya san wuta. Da muka kunna ta sai hayaƙi ya tashi daga wajen da ke raba wuta, ya ce kada in tsorata, kafasita ce ta tsufa, muka canza. Sai ga ta ta yi ɗan kukanta, rubutu ya fito a talabijin. Ƙofar sahu ta ci mana mako biyu, kafin mita ta nuna mana cewa wani ɗan ƙaramin aisi mai lamba 74LS244, wanda ke tsakanin kwamfuta da firinta kamar ɗan aike, shi ne ya mutu. Ƙofar jerin gwano kuwa tana bukatar wuta folt 5 ta ƙasa da sifili, kuma tsatsa ta cinye bakin wayar da ke kawo ta. Muka kankare, muka like da dalma. Bayan wannan ma sai da na kwana uku ina zargin na'ura, ashe filogin mai haƙora 5 yana shiga ta fuska biyu, ni kuwa a kife na soka shi. Ranar da muka daidaita gudun ɓangarorin biyu a kan alamomi 9600 a daƙiƙa, watau kimanin haruffa 960, sai ga kalmomin kawu suna gangarowa. Faifai 9 suka karantu. Guda 5 sun riga sun mutu, kuma abin da ke cikinsu ya tafi ke nan har abada.

Yanzu bari in juyo kan masu dariya. Kashi biyu ne.

Kashi na farko su ne 'yan kimiyya. Wani abokina mai karatun kwamfuta ya ce da ni wai wayar da ke aljihunsa ta fi wannan akwati ƙarfi sau dubbai, don haka ɓata lokaci nake yi. Gaskiya ne ta fi ta, domin ƙwaƙwalwar wannan duka-duka kilobayit 32 ce. Amma ko ya san asalin wayar tasa? Kamfanin Acorn na birnin Kambirij, wanda ya fito da BBC Micro a 1981, shi ne ya ƙera ƙwaƙwalwar ARM ta farko a 1985, a hannun Sophie Wilson da Steve Furber. Zuriyar wannan ƙwaƙwalwa ce ke cikin kusan kowace wayar hannu a yau. Ashe kuwa kakar wayarsa yake kira bola. Bugu da ƙari, na tambaye shi ko ya taɓa bin waya ɗaya da mita tun daga tushe har ƙarshe, sai ya yi shiru. Wayar zamani a like take, ba ta koya wa mai ita komai sai latsawa. Tsohuwar nan kuwa da sukurudireba ake buɗe ta, kowace hanya tana fili, mutum ɗaya yana iya fahimtarta duka. Tun 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, abin alfaharinmu ne kuwa. Amma tun kafin a aza tubalinta mutane ke zuwa Aliero daga nesa, har daga ƙasashen maƙwabta, domin ɗori. Wa ya taɓa jin mai ɗori ya ce da mai karaya ya yar da ƙafarsa ya sayi sabuwa? Garin da ya yi suna wajen gyaran ƙashi bai kamata 'ya'yan yankinsa su raina gyara ba.

Kashi na biyu su ne suka fi ba ni haushi, domin na gida ne. Su ne masu cewa, "Kai da ke karatun Hausa, me ya haɗa ka da dalma da waya? Ka tsaya ga waƙa da tatsuniya da karin magana." Ya ku 'yan'uwana, wannan magana ita ce ta sa ake raina mu, kuma mu muka fara raina kanmu. Ku saurari abin da na tarar a faifan farko.

Tsarin haruffan da kwamfutocin wancan zamani suka gada shi ne ASCII, wanda aka shirya a Amurka a 1963. Gurabe 128 ne a cikinsa, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Kawu bai ce "haka injin ya zo" ya haƙura ba. Kwamfutar tana barin mutum ya zana harafinsa a cikin gida 8 a tsaye, 8 a kwance, watau ɗigo 64. Sai ya zauna ya zana haruffan nan uku, manya da ƙanana, ɗigo bayan ɗigo, ya rubuta ɗan shiri da harshen BASIC wanda ke koya wa allo siffarsu, ya kuma aika wa firinta mai allura 9 tata siffar. Da muka tsoma ƙyallen tawadar a sabuwar tawada, firinta ta yi ƙararta kamar mai yankan katako, sai ga kalmar "ƙashi" ta fito da lanƙwasarta tsaf. Baba mai rediyo ya ɗaga takardar ya ce, "Wanga malami ya san abin da shika yi." Ku cire wannan lanƙwasa ku karanta kalmar da babbar murya a gaban mai ɗori, ku ga ko za ku kwashe lafiya.

To, mu fa? Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa a rubutun boko, zamanin su Rupert East a Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba haruffan nan gurabensu na dindindin. Yau kowace waya tana iya ɗaukar allon haruffan Hausa kyauta, cikin minti biyu. Amma ku duba saƙonnin da muke aika wa juna, mu ɗaliban Hausa. Ku duba sanarwar da muke liƙawa a bango. Ku duba kundayen da muke kai wa masu buga takardu, mu karɓo su ba mu ko duba ba. Ƙasa ta zama kasa, baƙi sun zama baki, ƙafa ta zama kafa, ɗaki ya zama daki. Malamin ƙauye da kilobayit 32 ya ƙi yarda a yanke wa harshensa ƙugiya, mu kuwa da duniya a tafin hannu mun yarda. Wa ya fi cancanta a yi wa dariya?

Kada kuma wani ya ce matsalar tsohon faifai ta talakan Maiyama ce kaɗai. A 1986 gidan BBC ya tattara bayanan ƙasar Birtaniya, da taimakon yaran makaranta, a kan faya-fayan zamani, domin cikar shekara 900 da rubuta littafin Domesday na 1086. Ba a yi shekara 20 ba na'urorin karanta faya-fayan suka yi wuya, har sai da masana daga jami'o'in Lids da Mishigan suka yi aikin ceto a 2002. Littafin fata na 1086 kuwa yana nan ana karantawa. Haka rubuce-rubucen Malam Abdullahi na Gwandu, kusan shekara 200 bayan rasuwarsa, duk mai ilmi zai buɗe ya karanta. Tawada da takarda suna jiran mai karatu. Faifai da kaset ba su jira, in na'urarsu ta mutu sun bi ta. Idan Turawa da kuɗinsu suka kusa yin asara, ina ga mu? Kaset nawa na hira da makaɗa da dattawa ke kwance a akwatunan malamanmu? Kundi nawa ke cikin faya-fayan da ba a buɗe ba tun kafin a haife mu? Ranar da za mu neme su, wa zai gyara mana ƙofar?

Ba na musun cewa aikin yana da wahala. Ya ci kuɗin motata, ya ci lokacin da ya kamata in yi bitar darasi, sau da yawa kuma wuta ta ɗauke muna tsakiyar aiki. Ban kuma ce kowane ɗalibi ya koma bakanike ba. Abin da nake cewa shi ne, harshen da masu shi ba su iya buɗe injin da ke rubuta shi ba, yadda injin ya ga dama haka za a rubuta shi. Kuma kalmomin da na yi amfani da su a nan, ƙofar sahu da ƙofar jerin gwano, ba a ɗakin lacca na same su ba. A bencin Baba suka zo mini, sa'ad da na rasa yadda zan bayyana masa abin da nake nufi. Ba a ƙirƙirar kalmar sana'a daga nesa, sai an sa hannu.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Hausa da abu huɗu. Na ɗaya, a kafa ɗan kwamiti da zai bi malamai da tsofaffin ɗalibai ya rubuta kaset da faya-fayan da ke hannunsu, a kwafe su tun ba su mutu ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, a keɓe yini guda a koya wa kowane sabon ɗalibi sa haruffa masu lanƙwasa a waya da kwamfuta. Na uku, ina roƙon malamanmu, tare da ladabi, su daina karɓar aikin da aka cire wa ƙugiya, kamar yadda malamin Turanci ba zai karɓi aikin da aka zubar wa haruffa ba. Na huɗu, a gayyato masu gyaran rediyo da waya su zauna da mu, mu rubuta kalmominsu, mu kuma girmama su kamar yadda muke girmama makaɗa.

Daga ƙarshe, ga masu kirana Sarkin Bola, na karɓi sarautar. Kalmomin kawu suna hannuna yanzu, a takarda da kuma cikin na'ura, kuma in Allah ya yarda a kansu zan rubuta kundina. Sai dai duk lokacin da na dubi faya-fayan nan 5 da suka mutu, nakan tuna cewa da wani ya buɗe jakar nan shekara 10 da suka wuce, watakila da sun karantu. Wanda ke da irin wannan jaka a gidansu, ya je ya duba ta a hutun nan, ya neme ni, bencin Baba yana da wurin mutum biyu.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ɗaukaka harshen Hausa. Haza wasalam.