Wilfred: Karen da Ake Kira Aboki Alhali Shi Ne Ciwon

Wilfred wasan barkwanci ne na talabijin wanda tashar FX ta Amurka ta fara nunawa ranar 23 ga Yuni, 2011, ya yi zango huɗu da kashi 49, ya ƙare a tashar FXX a watan Agustan 2014. Asalinsa daga Ostiraliya yake. A 2002 Jason Gann da Adam Zwar suka yi shi a matsayin gajeren fim wanda Tony Rogers ya ba da umarni, ya yi fice a gasar Tropfest ta birnin Sidni, daga baya tashar SBS ta mayar da shi shiri mai kashi 16, rabi a 2007, rabi a 2010. David Zuckerman, ɗaya daga cikin waɗanda suka rena shirin Family Guy, shi ya sake ɗinka labarin domin 'yan kallon Amurka. Elijah Wood ya fito a matsayin Ryan Newman, matashin lauya da ya ajiye aiki ciwon damuwa ya kwantar da shi. Gann kuma ya ci gaba da zama Wilfred, karen maƙwabciyar Ryan mai suna Jenna. Kowa a unguwar kare yake gani, Ryan kaɗai ke ganin ƙaton namiji cikin rigar kare mai ruwan toka, da baƙin fenti a hanci, yana magana da harshen mutanen Ostiraliya, yana zuƙar wiwi, yana ashar.

Ra'ayin da ya fi yawa tsakanin masoya shirin da masu sharhi a kansa shi ne cewa a ƙarƙashin batsar da zagin akwai labari mai taushi na abota: kare ya tsamo mutum daga bakin kabari, ya koya masa rayuwa, kuma shirin ya yi jarumtar taɓo lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin da wasannin barkwanci ke kauce mata. Masu wannan ra'ayi kan yaba ƙarshen labarin musamman, su ce saƙonsa shi ne mutum ya karɓi kansa yadda yake. Wannan fahimta kuskure ce, kuma kuskure mai illa. Abin da aka nuna cikin shekara huɗu shi ne marar lafiya yana nutsewa sannu a hankali, an kuma laƙaba wa nutsewar sunan farin ciki.

Kashin farko kaɗai ya isa shaida. An buɗe da Ryan zaune gaban kwamfuta yana gyara wasiƙar bankwana da duniya, gyara bayan gyara, kamar lauyan da ke shirya takardar kotu. Ya zuba ƙwayoyi a na'urar markaɗe ya haɗiye, ya kwanta jiran mutuwa, gari ya waye yana nan da ransa, domin yayarsa Kristen, wadda likita ce, ƙwayoyin sukari ta ba shi. Da safen nan Jenna ta ƙwanƙwasa ƙofa ta roƙe shi ya riƙe mata kare. Kafin rana ta faɗi, Wilfred ya hana shi zuwa sabon aikin da Kristen ta nema masa a asibiti, ya ja shi sun haura gidan wani maƙwabci mafaɗaci mai suna Spencer, sun sace masa shukar wiwi, sun yi masa ƙazanta cikin takalma. Ryan ya dawo gida yana jin jini na gudu a jikinsa karo na farko cikin dogon lokaci. Sai kyamara ta nuna abin da bai sani ba: Wilfred ya yar da walat ɗinsa a wurin da aka yi satar, da gangan, don a gane shi. Wannan ita ce ranar farko ta abotar da ake yabo. Mutumin da ya yi yunƙurin kashe kansa da dare, washegari ya rasa aiki, ya ɓata da 'yar'uwarsa, ya zama ɓarawo, kuma wanda ya kira aboki ya haƙa masa rami.

Haka tsarin ya ci gaba. Kowane kashi yana buɗewa da maganar wani mai hikima a rubuce, a ciro kalma ɗaya daga ciki ta zama take: amana, tsoro, girmamawa, fushi, tausayi, kaɗaici. Wilfred zai yi wa Ryan ƙarya, ya jefa shi cikin abin kunya ko hatsari, idan ƙura ta lafa ya ce duk don ya koya masa darasi ne. A wani kashi na zangon farko har guba ya ba shi, aka mayar da abin dariya saboda sinadarin na cakulan ne, mai kashe kare amma ba ya yi wa mutum komai. Duk wanda ya taɓa zama kusa da wadda miji ke gallaza wa, ko yaron da babban aboki ya mallake, ya san wannan salo: a cuce ka, a ce don amfaninka ne, a raba ka da danginka, a sa ka yi shakkar hankalinka, sannan a rungume ka. Marubutan sun san haka sarai, don sun sha sa Ryan ya tambayi kansa ko Wilfred mai ceto ne ko mai halakarwa. Laifinsu shi ne amsar da suka zaɓa daga ƙarshe.

Masu kare shirin suna da hujja a nan, kuma ta cancanci a saurare ta. Suna cewa tunda ƙarshen labari ya tabbatar Wilfred mai magana ƙirƙirar ƙwaƙwalwar Ryan ce, to babu wani azzalumi. Wani sashe ne na zuciyarsa, mai ƙarfin hali, yake tura sashen da ke tsoro. Sai dai wannan hujja ƙara wa lamarin nauyi take yi. Idan babu Wilfred, Ryan ne da hannunsa ya haura gidan mutane, shi ya yar da walat ɗinsa don a kama shi, shi yake shirya wa kansa tarko ya manta ya shirya. Shi ne ke kulle kansa awa da awanni yana hira da wanda babu, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa wanda tun ƙarshen zangon farko aka nuna cewa ƙofarsa ta ma'ajiyar kaya ce kawai. Mutumin da ke jin murya tana ba shi umarni, yana bi, yana cutar da kansa bai sani ba, kuma ya taɓa neman ransa, yana cikin hatsarin da ke bukatar likita da dangi a kusa. Kiran wannan hali ƙarfin zuciya rashin tausayi ne, ko da an faɗe shi da murmushi.

Maimakon fuskantar wannan, shirin ya ɓata shekaru yana sayar da kacici-kacici. Shin Wilfred aljani ne, mala'ika ne, ko mafarki? Aka kawo wani mutum mai suna Bruce wanda shi ma yake ganinsa, aka kawo zanen yarinta, aka kawo wata ƙungiyar asiri mai bautar gunkin kare da ake kira Mataman, aka ce shugabanta ne mahaifin Ryan na jini. Duk wannan ya riƙe 'yan kallo, ya kuma mayar da ciwon mutum abin caca da hasashe.

Inda shirin ya fi tona asirin kansa shi ne yadda ya yi da sauran marasa lafiya. Mahaifiyar Ryan, Catherine, wadda Mary Steenburgen ta fara fitowa a matsayinta, ta shafe kimanin shekara 20 a gidan kula da masu taɓin hankali, kuma a ƙarshen kashin da aka gabatar da ita an nuna ita ma tana ganin kyanwarta a siffar mace. An yi haka ne don dariya, amma ma'anarsa a fili take: ciwon gado ne, kuma shekara 20 na jinya ba su taɓa shi ba. Amanda, budurwar Ryan a zango na biyu, ita ce mutum ɗaya da ta so shi da gaske har ya fara tunanin zama da ita. Da labari ya bukaci a kawar da ita, sai aka bayyana cewa ita ma ta zauce, tana cewa Wilfred na yi mata magana, aka tafi da ita asibiti. Zango na biyu ya buɗe da Ryan a asibitin ƙwaƙwalwa a hannun wani likita da Robin Williams ya fito a matsayinsa, ana shirin jona masa lantarki, daga baya aka ce mafarki ne. Duk inda magani ya leƙo a wannan shiri, ko dai kurkuku ne, ko abin tsoro, ko abin da ba ya aiki. Mai kallon da ke fama da irin wannan ciwo, wanda dama yana jin nauyin zuwa asibiti, ba zai tashi daga gaban talabijin da ƙarin ƙwarin gwiwar zuwa ba.

Ga kuma maganar wiwi, wadda masu yabon ba sa son a taɓo. Kusan kowane kashi yana rufewa da su biyun a kan kujera suna busa hayaƙi, wannan ne wurin hutun shirin, inda ake nuna daɗin zumuncinsu. Alaƙar yawan shan wiwi da rikicewar hankali sananniya ce a likitance. Wani bincike da mujallar Lancet Psychiatry ta wallafa a 2019, wanda aka yi a wurare da dama na Turai da kuma Brazil, ya gano cewa masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau 3 wajen hatsarin kamuwa da ciwon da ke raba mutum da zahiri, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau 5. Ryan yana da ciwon a dangin uwa da na uba, yana ganin abin da babu, yana sha kullum. Shirin da ke karɓar yabo a kan lafiyar ƙwaƙwalwa bai taɓa ɗaukar wannan da muhimmanci ba.

Ba a musun gwanintar da ke ciki. Gann ya naƙalci halin kare ƙwarai: yadda yake kewaya wuri kafin ya kwanta, ƙiyayyarsa da mai kawo wasiƙu, tsoron na'urar shara, ruɗewarsa idan aka yi kamar an jefa ƙwallo ba a jefa ba. Idanun Elijah Wood kuma suna ɗauke da firgici na gaske. Baƙin barkwanci yana da hurumin taɓa mutuwa da hauka, babu mai hana shi. Shirin Ostiraliya ya yi hakan ba tare da yaudara ba. A can Wilfred kare ne mai kishi wanda ba ya son Adam, saurayin uwar ɗakinsa Sarah, yana yi masa makirci don ya kore shi, ba a yi bayanin dalilin da ya sa Adam ke ganinsa a siffar mutum ba, ba a kuma ce muguntarsa magani ce ba. Ko tsohon fim ɗin Harvey na 1950, inda James Stewart ke abota da ƙaton zomon da ba a gani, ya iya barin jaruminsa da zomonsa ne domin zomon bai taɓa cutar da shi ba. Na Amurka shi ya ɗora wa kansa nauyin maganar warkewa tun daga daren farko, da wasiƙar bankwana da ƙwayoyi da kalaman masu hikima. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba zai yiwu a karɓi yabon jarumta ba, sannan idan aka nemi bayani a ce ai wasa ne.

Nauyin abin ya wuce allon talabijin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum dubu 700 ke kashe kansu duk shekara. A Amurka adadin ya kusa dubu 40 a shekarar da aka fara shirin, ya haura dubu 49 a 2022, kuma kusan huɗu cikin kowane biyar maza ne. A 2023 babban jami'in lafiya na ƙasar, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a kan kaɗaici a matsayin annoba. Ryan hoton waɗannan maza ne: mai ilimi, mai gida, marar kowa. Irinsu na cikin masu kallon shirin da dare su kaɗai.

Zangon ƙarshe ya ba marubutan dama su gyara, suka ƙi. Karen na gaske ya mutu da ciwon daji. Jenna ta koma wa mijinta Drew. Ryan ya gano gaskiyar mahaifinsa, ya gano cewa muryar da ya bi shekara huɗu daga kansa take fitowa, ya yi ƙoƙarin rabuwa da ita, ya ji rayuwa ta yi masa fayau, sai ya kira ta ta dawo. An ba wannan kashi take ɗaya da na farko, wato farin ciki. A lissafi, Ryan na kashi na 49 ya fi na kashi na 1 sanin ciwonsa, amma ba a nuna shi yana neman magani ba, ba a nuna ya faɗa wa yayarsa likita abin da yake gani don ta tsaya masa ba, kuma karen da a da yake fitar da shi waje ya haɗa shi da mutane ya mutu, saura murya kawai. Marubutan suna iya barin Wilfred a raye cikin kan Ryan su kuma zaunar da mutum ɗaya mai jini a jika kusa da shi wanda ya san halin da yake ciki, domin mutane da yawa suna rayuwa da irin wannan lalura tare da magani da kulawar dangi, kuma hakan ba zai rage dariya ko ɗaya ba. Sun zaɓi su bar shi da muryar da ta yar da walat ɗinsa.