Tudun Kankaren Muan

Jama'a, duk wanda ya ga bidiyon jirgin Jeju Air a filin jirgin saman Muan na Koriya ta Kudu, ranar 29 ga Disamba 2024, ya shaida cewa jirgin ya taɓa ƙasa a haɗe. Ƙirar Boeing 737-800 ne, ya taso daga Bankok, ya yi karo da tsuntsaye, ya sauka tayoyinsa ba su fito ba, yana jan ciki a kan titin sauka. Inda ya tarwatse shi ne jikin tudun kankare, kimanin mita 250 bayan ƙarshen titin, wanda aka ɗora wa eriyar jagorar jirage. Mutum 179 cikin 181 suka rasu. Biyun da suka tsira ma'aikatan jirgi ne da ke can wutsiya. A ƙa'idar duniya, irin wannan eriya kan zauna ne kan abin da zai karye da zarar jirgi ya buge shi. Ajali gaskiya ne, amma ba a ɗora wa tsuntsu laifin magini. Gwamnatin Koriya da kanta ta umarci a gyara irin wannan gini a filaye bakwai.