Kayan Ɗaki Daga Santambul

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincinSa su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, makon jiya na tafi Mahuta, can kudu da kogin Kaduna wajen matatar mai, don in yi wa wani aminina barka da sauka. Ma'aikacin gwamnati ne, saura shekara biyu ya aje aiki, aka tura shi taro Santambul ta ƙasar Turkiyya. Sai na iske shi ya yi tagumi, ga takardu zube a gabansa.

Ashe ran da aka tashi daga taro abokan tafiya sun ja shi wani babban kantin kayan ɗaki, irin wanda kowace kujera ke ɗauke da sunan gwanin da ya zana ta. Ya ce mini, "Malam, ɗaki-ɗaki aka jera kantin nan, ga fitilu, ga ƙamshi, aka zaunar da mu aka kawo shayi. Na tuna auren 'yata ya ƙarato, na tuna jeren da maƙwabcina ya yi wa tasa bara. Kafin in farga na zaɓi gado da kujeru da madubi da teburin cin abinci, na ba da kafin alƙalami." Cikon kuɗi, da na jirgin ruwa zuwa Ikko, da na kwastan, da na mota zuwa Kaduna, duk suna jiransa, ba shi kuwa da hanya sai rancen banki mai ruwa. Ya ce, "Shin na yi laifi?"

To, ƙawata gida dai ba haram ba ne. A Suratul A'arafi, aya ta 32, Allah Ya yi inkari ga masu haramta adon da Ya fitar wa bayinSa. Amma fa ayar da ta gabace ta, ta 31, ita ce ta hana ɓarna. Wanda Allah Ya hore wa, ya fid da zakka, ya sauke haƙƙin iyali da na dangi, in ya sayi kujera a Santambul ko a Milan ta Italiya, inda a ke baje kolin kayan ɗaki tun 1961, ba mai cewa ya yi saɓo. Zancen aminina ya sha bamban ta fuska uku.

Ta farko, ya ɗora wa kansa abin da shari'a ba ta ɗora masa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, abin da ya hau kan amarya shi ne ta yi kayan ɗaki da sadakin da ta karɓa gwargwadon al'ada. Abin da uba ya ƙara alheri ne. Nasa'i ya ruwaito kayan da Manzon Allah (S.A.W.) ya haɗa wa Nana Faɗimatu: mayafi, da salka, da matashin kai da aka cusa wa ciyawa. Yau kuwa sai mata su cika ɗakin amarya ran jere suna shafa katako suna tambaya, na Turkiyya ne ko na Dubai? Wanda abin ya fi cuta shi ne masinjan ofis da ɗan tireda, waɗanda 'ya'yansu mata ke zaune a gida ga manema, an rasa abin jere. Kowane babba ya ɗaga ma'auni, ƙarami ne ke biyan kuɗin.

Ta biyu ita ce bashi. Buhari ya ruwaito cewa an kawo gawar wani mutum da bashi a kansa, Annabi (S.A.W.) bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. In wannan ne halin bashin da ba ruwa, ina ga na riba, wadda Suratul Baƙara, aya ta 279, ta yi wa masu ita shelar yaƙi daga Allah da ManzonSa? Ga kuma lissafi, ku 'yan kasuwa kun fi ni saninsa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Watau kayan dala 5,000 sun tashi daga naira miliyan 2.3 zuwa miliyan 7.5. Mai albashin naira da ya ƙulla ciniki da dala, ya sayi kifi ne a ruwa.

Ta uku ita ce abin da ke cikin kantunan nan. Ba dukan ado ne ya halatta ba. Akwai gumakan mutane da na dabbobi da a ke girkawa a falo. Akwai kwanonin zinariya da na azurfa, hadisin Huzaifa kuwa ya hana ci da sha a cikinsu, ya hana maza zama a kan alharini. Haka nan Imamu Maliki ya ruwaito a Muwaɗɗa hanin cinikin da mai kaya zai cinye kafin alƙalami in an fasa. A yi tambaya kafin a sa hannu. In kaya sun iso, rage farashi a takarda don a tsere wa kwastan ƙarya ce, ko wa ya rubuta ta.

Wannan ciwo ba yau ya kama mu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa ƙawata gidaje da shimfiɗu masu taushi ba tare da kula da halal da haram ba cikin aibobin sarakunan zamaninsa. Dattawa kuma suna tune da kuɗin Udoji na 1975, yadda aka yi ta jidar kayan waje, har aka wayi gari cikin tsuke bakin aljihu a 1982. A 2015 Babban Banki ya sa kayan ɗaki cikin abubuwa 41 da ya hana wa kuɗin waje, ya janye hanin a 2023. Doka tana zuwa tana wucewa, kwaɗayi yana nan.

Shawarar da na ba aminina ita ce ya rubuta wa masu kantin, su ba shi abin da kafin alƙalaminsa zai iya saye, ko da gadon ne kaɗai, ya soke sauran. Ya ɗauki hotunan da ya zo da su ya kai wa kafintocin Panteka, ya zaɓi katako mai kyau da kansa, ya biya su da kuɗin da ya mallaka. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Uwar yarinyar fa, Malam?" Na ce, ka nuna mata takardar bankin nan, ka gaya mata shekara nawa za a yi ana yankar fanshonka. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya raba mu da nauyin bashi, Ya sa albarka a auren 'ya'yanmu, amin.