MU TATTAUNA: Tsakanin Boxer da Roba-roba



Wata ƙanwata 'yar aji shida ta rubuto mini daga Tsafe tana cewa, "Anti, samari biyu ke zuwa wurina, ɗaya da Boxer, ɗaya da Lifan roba-roba. Ƙawayena sun sa ni gaba wai in kori mai Boxer, mashin ɗin 'yan kabu-kabu ne. Ya zan yi?"

To ƙanwata, tunda maganar mashin kika kawo, bari mu fara da shi. Na hau duka biyun a bayan yayyena, na san halin kowanne.

Boxer ɗan ƙasar Indiya ne, kamfanin Bajaj ke ƙera shi. Dogo ne, tayoyinsa manya, kujerarsa doguwa. Tankinsa na gaba, kuma sai an kama kuloci da hannu kafin a sa giya. Ba shi da wani kyan gani, muryarsa ma ba ta da daɗi. Amma ku bar kwalta a Bungudu ku shiga hanyar ƙauye da damina, nan za ki ga ranarsa. Rami da gargada duk shanye su yake, ba ya bari su iso ƙugunki. Ga juriyar kaya, ga kayan gyaransa a wurin kusan kowane bakanike.

Shi kuwa roba-roba ɗan gayu ne. Lifan daga ƙasar Sin yake, amma asalin siffar ta Honda ce ta Japan, wadda ta fito da irinsa tun 1958. Ba shi da kuloci a hannu, da ƙafa kawai ake taka giya, shi ya sa ko yaro ya iya shi. Gajere ne, hawansa ba wuya ga mai zani. A cikin Gusau, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, tafiya yake sumul, ba hayaniya. Sai dai a doguwar hanya, kamar daga Gusau a wuce Kwatarkwashi zuwa Tsafe, babbar mota na giftawa za ki ji iska ta kaɗa shi, ramin da Boxer zai raina kuwa shi sai ya jijjiga ki har haƙora. Idan ya faɗi, robobin nan masu ƙyalli su ke fara tarwatsewa, sai kuɗi.

Kin ga kowanne da inda ya fi. Kuma tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, duk mai hankali ba kyan mashin yake fara tambaya ba, mai yake tambaya, da abin da mashin ɗin zai shigo da shi gida. Mai Boxer ɗin da ake yi wa dariya, ta yiwu da shi yake ciyar da mahaifiyarsa. Mai roba-roba ɗin kuma ta yiwu malamin makaranta ne mai rufin asiri, ta yiwu kuma aro ya yi don zuwa zance. Wannan bincike aikin iyaye ne, ba na ƙawaye ba.

Abin da ke kanki ke, ki lura da yadda yake tuƙi. Idan ya shigo layinku, yana rage gudu saboda yara? Yana kashe mashin ya gaida dattawan ƙofar gida, ko sai ya murɗa ya tada ƙura don a san ya iso? Yana cikin masu wasan ganganci ranar ɗaurin aure? Ki tuna, gobe ke ce a bayansa, da goyo a bayanki, kuna hanyar asibiti. Wanda bai ji tausayin ƙafarsa ba, wallahi ba zai ji na taki ba.

Mu a Zamfara mashin ba abin wasa ba ne. A 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata. A Satumbar 2021 kuma, saboda 'yan bindiga da ke yawo a kan mashina, gwamnatin Bello Matawalle ta hana hawansu da dare. Don haka saurayin da zai ce ki zo ya kai ki yawo bayan gari da yamma, ko a kan me ya zo, ki ce masa a'a. Mai sonki da gaskiya ƙofar gidanku ya sani.

Kafin in rufe, ga jan kunne ga duk mai hawa. Ki tattara hijabinki da zaninki a kan cinya, kada ki bar bakinsu na reto kusa da sarƙa ko tayar baya, don idan taya ta kama hijabi wuya take shaƙewa. Ki kula da salansa a gefen dama, ƙunarsa tabo take bari. Kada ki yarda a yi muku goyon uku. Idan yana gudu, ki buɗe baki ki ce ya rage, ba rashin kunya ba ne.

Ƙanwata, ki gama jarrabawarki tukuna, ki yi istihara, ki kai maganar gaban Mama. Ƙawayen da ke zuga ki ba su za su zauna miki gidan ba.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri, ya tsare mu a hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum,
Antinku ta Gusau