Jirgi na da sauri, amma daga ina ka taso?

Ɗan'uwa mai karatu, na san ka taɓa ɗaga kai daga gona ka ga jirgin sama ya wuce, ka ce: "Kai, waɗannan sun huta!" To, ɗauko alƙalaminka mu yi lissafi tare.

Akwai filin jirgi a Damagaram, akwai wani a Maraɗi. Ta sama, tsakaninsu kilomita 200 ne ko sama da haka kaɗan. Jirgi ba ya kwana-kwana, ba ya tsayawa ɗaukar fasinja a hanya. Ko awa ɗaya ba ya yi zai sauka. Ta ƙasa kuwa hanyar ta kusa kilomita 240, mota takan ci awa 3 zuwa 4. Kana jin haka sai ka ce jirgi ya yi nasara.

Amma kai ba a filin jirgi kake kwana ba. A ce daga Magariya ka taso. Kafin ka ga Damagaram sai ka yi wajen kilomita 90, bayan ka jira mota ta cika a tasha. In daga wani ƙauyen Dungas ne, sai ka fara da amalanke ko babur cikin rairayi. A filin jirgi kuma ana so ka iso da wuri, a duba tikiti, a auna kaya. Ga shi ba kullum ake samun jirgi ba. Haɗa duka ka gani. Sau da yawa wanda ya shiga mota tun da safe zai riga ka isa Maraɗi, kuɗinsa kuma na aljihu. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Kada ka ce na raina jirgi. Daga Damagaram zuwa Yamai hanyar mota ta kusa kilomita 900. Sai ka tashi da asuba ka isa da dare, baya na ciwo. Jirgi kuwa wajen awa 2 ya ishe shi. A tafiya mai nisa irin wannan, ko zuwa Makka, ba shi da na biyu.

Abin da nake nufi shi ne, tafiyarmu daga ƙofar gida take farawa, kuma farkonta ya fi wuya. Mace mai naƙuda ba jirgi take jira ba, hanyar da za ta kai ta asibiti kafin dare take bukata. Haka buhun gyaɗarka da na riɗi.

Tun 2011 Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta, aka raba ta da Magariya. Ofis ya matso kusa da mu. Saura hanya. In masu neman ƙuri'a sun zo, ka tambaye su: kilomita nawa za ku gyara, daga ina zuwa ina, yaushe? Yanzu ka iya rubutu. Rubuta amsarsu, ka ajiye takardar.