Famfon kankare a Tajaye: ƙira ko haya?

Tun da darajar sefa ta faɗi da rabi a 1994, makanikan ƙasar nan suka duƙufa ƙera abin da ya gagari saye. Sun cancanci yabo. Sai dai famfon tura kankare da ƙarfin tarakta ba amalanke ba ne. In ya cije ana tsakiyar zubi, kankare ya daskare cikin bututu, rufi ya sami tsaga. In bututu ya fashe, leburori ke bakinsa. Simintin Malbaza na kusa da Tajaye, amma ba kyauta ake ba da shi ba. Ɗan kwangilar da ke rufa aji da kuɗin talakawa ya yi haya, ƙirar gida a gwada ta a daɓe tukuna. Araha ba ta ado. Wajibi ne magajin gari ya sa wannan sharaɗi cikin takardar kwangila.